Dashen Iya a Bakin Dam

Ranar Talata ce a cikin watan Agusta, shekarar da na gama aji huɗu na firamare. Na fito tsakar gida ina murza ido, sai na tarar da kakata, Iya, a durƙushe bayan rijiya, ta ɗaure zaninta sama da gwiwa, tana cire irin shinkafa daga ɗan filin da ta kewaye da ƙaya. Gari ya waye amma babu rana. Hadari ya haɗu a kan duwatsun gabas, baƙi ƙirin, kaji ma sun fito daga akurki sun tsaya cirko-cirko a bakin madafa sun ƙi tafiya kiwo. Iya takan kama tsiron a can gindi, ta girgiza shi a hankali har ƙasa ta saki saiwar, in ya cika mata hannu ta ɗaure da ganyen kaba ta jera a daro. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Uwata, shanye kokonki da sauri. Yau ruwa zai dawo, kuma a cikinsa za mu yi tafiya."

Na daɗe ban tuna da wannan safiyar ba sai kwanan nan. Makonni kaɗan da suka wuce na taso daga shagon ɗinkin da nake aiki a cikin garin Lafia zan koma gida a unguwarmu ta Azuba, ana ruwa, mai keken da ya ɗauko mu ya kutsa cikin ruwan da ya hau kan wani kwalbati. Inji ya mutu a tsakiya, ruwa ya fara tura keken gefe. Wasu maza ne suka riƙe hannun juna suka ciro mu ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya fita da ransa, alhamdu lillahi, takalmina kawai na rasa. Amma tun ranar, da zarar ruwa ya fara buga kwano sai gabana ya faɗi, ko zare ba na iya sa wa allura. Mamata ta ce in riƙa tuna abu mai daɗi idan hakan ta taso mini. Abin mamaki, abu mai daɗin da ya fara zuwa raina shi ma ruwa ne.

A Lafia aka haife ni, a gidan haya mai ɗakuna a jere da rijiya ɗaya a tsakiya. Akwai 'yan ƙabilar Eggon a gidan, akwai na Alago, akwai mu, yaran kuwa duk Hausa ɗaya muke yi, mai gauraye da turancin buroka. A wajenmu ruwan sama hutu ne. Iyaye mata na gudun kwashe shanya suna tara bokitai a ƙarƙashin indararo, mu kuma muna yage tsofaffin littattafan makaranta muna naɗa jirage, mu sake su a gwata mu bi su da gudu har bakin titi. A makaranta in ruwa ya sauko da ƙarfi, kwanon ajin kan hana a ji muryar malama, sai ta haƙura ta zauna, mu kuma mu ciro duwatsun carafke a ƙarƙashin benci. Da dogon hutu ya zo, Baba kan sa ni a mota zuwa wajen mahaifiyarsa, a wani ƙauye bayan Doma, kusa da babban ruwan nan da ke kwance tsakanin duwatsu, wanda kowa ke kira dam. Can aikina yanko wa awaki ganye, ɓarar gyaɗa, da korar kaji daga shanyar rogo. Sunan mahaifiyar Iya aka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. In na yi ɓarna takan ce, "Uwata, girma dai ya faɗi."

Shinkafar da take cirewa ran nan ba irin ta kasuwa ba ce. Gajera ce, jaja-jaja, ba ta yin yawa kamar irin zamani da kowa ya koma shukawa, amma in aka ɗora ta a wuta maƙwabta sai sun leƙo. Daga hannun mahaifiyarta Iya ta karɓi irin, ita ma daga tata mahaifiyar. A ƙaramar tukunyar ƙasa take ajiye shi, gauraye da toka, a liƙe bakin da laka, a ƙarƙashin gadonta. Dafaffiya kam kowa ya zo ya ci, amma ɗanya mai ƙaiƙayi, wadda za a iya shukawa, ba ta taɓa ba wani ko ƙwaya ba. Mata da yawa sun roƙa. Amsarta ɗaya ce: "Wannan daga uwa sai 'ya." Ita kuwa maza kaɗai Allah ya ba ta, don haka ni take yi wa tanadi. A daminar da ta gabata ruwa ya cinye gonarta tun kafin shinkafa ta nuna, abin da ya rage sai ɗan wanda ke cikin tukunya, shi ne kuma ta juye gaba ɗaya a bayan rijiya. Abin da ke cikin daron nan shi ne ƙarshen irin a duniya.

Ya kamata a ce an daɗe da dasa shi. To, ruwa ya yi ɗaukewar nan da yakan yi a tsakiyar damina, fadama ta bushe ta tsage, ba a dashe a busasshiyar ƙasa. Irin ya yi ta tsawo a bayan rijiya har ya fara neman wuce lokacinsa. Gonar Iya kuma tana can ƙarshen dam, inda ruwan ya ƙare a fadama. Hanya biyu ce zuwa wajen. Ta sama tana bin kan tudu, ita masu mashin ke bi, amma jar ƙasa ce, in ta jiƙe ko akuya sai ta zame. Ta ƙasa kuwa 'yar siririya ce, tana bin bakin ruwa tiryan-tiryan, ba hawa ba gangara, sai dai kafin a kai gonar akwai wani rafi da ke saukowa daga duwatsu ya faɗa dam. In damina ta kankama rafin ya cika, ba ya sake sauka sai kaka. Ruwan da Iya ke jira don ta yi dashe, shi ne kuma zai rufe mata hanya. Dole mu riga shi.

Ta naɗa gammo ta ɗauki babban daro, ni ta ɗora mini ƙaramin kwano mai ɗauri kaɗan, ta ce, "Riƙe kayanki da kyau, naki ne, ni dako nake yi miki." Ta lanƙwasa kusurwar wani buhu ta kifa mini a ka ya sauko har bayan gwiwata. Silifas ɗina kuwa ta sa na cire na bari a gida, wai ƙafa ba ta jin maganar ƙasa ta cikin roba. Muna fita daga ƙauyen yayyafi ya fara. Muka ratsa gonakin doya, tulin ƙasa a jere kowanne da sandarsa da ganye ya nannaɗe, muka bi ta ƙarƙashin itatuwan kwakwar manja, sai ga dam ya buɗe a gabanmu.

Na sha ganinsa da rana, yana ƙyalli har ido ba ya iya tsayawa a kai. Ban taɓa ganinsa cikin ruwa ba sai ranar. Ya koma launin toka, a kwance lumui, kowane ɗigo in ya faɗa sai ya buɗe ɗan zobe, zobban su yi ta shiga juna har iyakar gani. Duwatsun da ke kewaye da shi sun yi kore shar, amma kawunansu sun ɓace cikin gajimare, sai ka ce an rufa musu mayafi. Wani lokaci gajimaren ya yage, ka hango baƙin dutse yana sheƙi da siririn farin ruwa na gangarowa ta jikinsa, kafin ka nuna wa wani ya sake rufewa. A gefen hanya ganyen bado ya shimfiɗu, ruwa na taruwa a kansa dunƙule-dunƙule yana gangarewa bai jiƙa shi ba. Wani zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya a cikin ciyawa, ya ƙudundune wuya, ko kallonmu bai yi ba. Can tsakiya kuma masunci ɗaya a kwale-kwale, ya kifa ƙwarya a ka, yana jan komarsa a natse. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na ɗanyen ganye ya cika ko'ina. Laka mai sanyi tana fitowa ta tsakanin yatsun ƙafata, ina jin daɗinta har ina neman inda ta fi zurfi in taka.

Iya na gaba, ba ta sauri ba ta kuma tsayawa. Siririyar tsohuwa ce, amma daron nan bai ko girgiza ba a kanta, ganyen shinkafar na rausaya a sama kamar ita ce ta tsiro da shi. Inda hanya ta bi ta kan duwatsu masu gansakuka takan ce in taka inda ta taka. Inda ciyawa ta yi duhu takan buga ƙafa da ƙarfi kafin ta shiga. Tana tafe tana nuna mini abubuwa da haɓa, tunda hannuwanta na riƙe da daro: ramin ƙaguwa, itacen malmo da suke hawa suna yara, wajen da gonar wani take kafin ruwa ya rufe ta. Da matsattsaku ya kama ni a ƙwauri na fara tsalle, sai ta ce, "Bar shi ya gaisa da 'yar birni," ta sauke kaya ta cire shi da farce, muka ci gaba. Ruwa ya ƙara ƙarfi, kwaɗi suka ɗauki kuka ta kowane ɓangare, har sai mun ɗaga murya muke jin juna.

Kafin rafin akwai bukka ɗaya a ɗan tudu da gona a ƙasanta. Ta wata mata ce 'yar Tibi da ake kira Mama Doose, ƙatuwa mai yawan dariya, wadda a Hausarta kowa "kai" ne, mace ko namiji. Shekara da shekaru suna gaisawa da Iya a wannan hanya, shekara da shekaru kuma tana roƙon irin nan ana hana ta. Tana zaune a bakin bukka tana gasa doya ta hango mu.

"Iya mai rowa, ina za ka cikin ruwa? Kai kifi ne?"

"Kifin ma ya fi ki zafin nama, kina zaune kamar tulu," in ji Iya, ba ta rage tafiya ba.

"Ajiye mini ɗauri ɗaya, kaya zai yi maka sauƙi."

"Nauyinsa bai dame ni ba."

Na lura rabin gonarta an gyara shi, an yi kunya an tare ruwa, amma babu komai a ciki. Ashe nata irin ya ƙone a lokacin da ruwa ya ɗauke.

Tun kafin mu ga rafin muka ji shi. Da safe Iya ta ce mini ruwansa garau yake, ana ganin tsakuwa, bai wuce idon sawu ba. Wanda muka tarar ja ne, kamar an dama kunun kanwa, yana tafe da karare da ganyaye. Irin launin da na sake gani a kan kwalbatin nan ke nan. Ga gonar Iya can tsallake, ina hango ta, ruwa ya kwanta a cikinta daidai yadda ake so. Iya ta sauke daro. Ta karyo wani kara ta soka a bakin ruwan, ta tsaya tana kallonsa. Ta tattare zani ta shiga ita kaɗai, ruwan ya kai mata cinya, ta tsaya a ciki tana jin ƙarfinsa, sannan ta fito. Kafin ta fito har ruwa ya haura inda ta soka karan. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta dubi daro, ta dubi tsallake. Na gane lissafin da take yi, don ko ni na san cinyarta ƙirjina ne. Ba za ta iya ɗaukar daro da ni a tafiya ɗaya ba.

Na ce, "Iya, ki haye da shi, ni zan jira ki a nan."

Ta ce, "Nan ɗin da kike tsaye, kafin in juyo ya zama ruwa."

Ta daɗe a tsugune gaban daron, ruwa na zuba ta bakin ɗankwalinta, tana shafa ganyen da bayan hannu. A gida babu fadamar da za a dasa shi, rafi kuma ya rufe ke nan sai kaka. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, sai na fara kuka ban san dalili ba. Ta miƙe ta ce in taya ta ɗora kaya, muka juya. Da muka ɗan yi nisa na waiga, wajen da na tsaya babu shi.

Mama Doose na ganinmu ta daina dariya. Ta ce, "Kai da kake haye wannan rafi ruwa har ƙirji, yau me ya faru?"

"Yau ba ni kaɗai ba ce," in ji Iya. Ta sauke daron a bakin gonar da babu komai. Can ta ce, "Doose, ara mini ƙasarki."

Na zaci matar za ta rama, don ta samu dama. Amma ba ta rama ba. Ta shiga bukka ta ajiye wuƙar da take kankare doya, ta ɗaure zani, ta riga mu shiga laka.

Mu uku muka yi dashen, a jere, muna ja da baya. A nan Iya ta koya mini: tsiro biyu ko uku, a riƙe kamar alƙalami, a tura da yatsa, kada ya yi zurfi ya shaƙe, kada ya yi sama ruwa ya ɗauke. Nawa layin ya karkace kamar tafiyar maciji, Mama Doose ta ce a bar shi, da kaka za a gane na 'yar makaranta. Ruwa na dukan bayanmu, dam na gabanmu, duwatsu na buɗewa suna rufewa. Su biyun ba su daina tsokanar juna ba. Mama Doose ta ce shekara nawa tana roƙo ashe rafi ya kamata ta aika, Iya ta ce ta yi dashe ta bar surutu, bakinta ya fi hannunta aiki. Da muka gama muka shiga bukka, Iya ta yi salla a kan buhuna, muka ci gasasshiyar sabuwar doya da manja da gishiri, hayaƙi na shiga mana ido. Har yau ban ci doyar da ta kai ta ba. Bayan la'asar ruwa ya tsagaita, rana ta leƙo ta ƙarƙashin hadari ta zuba wa dam wani rawaya mai laushi, muka kama hanyar gida da daro babu komai, muna ratsa ciyawa a wuraren da ruwa ya riga ya hau hanya.

A hutun ƙarshen shekara na koma ƙauye. Ina nan wata safiya sai ga Mama Doose da buhu a ka, da kuma dami na zangarniya a hannu, waɗanda ta zaɓa ɗaya-ɗaya, manya masu cika, na iri. Ta zube su gaban Iya ta ce, "Ga kayanka. Ƙasa ka ara, ba iri ka ba ni ba. Ko ɗaya ban ajiye ba." Iya ta kwance damin, ta murza zangarniya ɗaya a tafin hannu, ta hure, ta shinshina. Ta kasa shi gida biyu ta tura mata rabi.

"Ɗauki. Saura kaɗan in kashe shi da hannuna."

"To maganar uwa da 'ya fa?"

"Ke ba ki da 'ya'ya mata ne?"

Mama Doose ta yi dariya har da hawaye, ta ƙulle rabonta a bakin zani. Ranar aka dafa shinkafar, maƙwabta suka leƙo.

Iya ta ƙara yin damina kaɗan tana noma, sannan ƙafafu suka gaza, Baba ya dawo da ita Lafia, a nan ta rasu ina sakandare. A gidanmu babu wanda ya gaji noma. Rabon da ta bar mini ya daɗe a tukunya har ya mutu, don iri ba ya jiran mutum ya gama makaranta. In shinkafar nan tana raye a yau, to a gonakin 'ya'yan Mama Doose take, a bakin dam. Ina so in je in gani. Na ce wa mamata da rani zan je, ta ce ai da rani babu abin da zan tarar sai kara, mai son ganin shinkafa cikin damina yake zuwa. Na san gaskiyarta, ban dai shirya ba tukuna.

Yanzu in hadari ya haɗu a Lafia kowa gudu yake yi, masu keke na danna ham, kowa na so ya riga ruwa isa gida, ba mai tsayawa ya dube shi. Ni kuma ina can cikin shago, na rufe taga, ina jiran ya wuce. Sai in tuna tsohuwar nan a bakin rafi, da duk abin da uwarta ta bar mata a cikin daro ɗaya, gonarta na kallonta a tsallake, ta juya. Bayan ta juya ɗin kuma ta wuni a cikin ruwan tana aiki tana dariya. Da ina ɗauka Iya ba ta tsoron ruwa. Ashe tana tsoronsa, ta dai san daidai inda ya kamata a ji tsoron.